Mu Biyar Muka Yi Faifan Nan

Tun da na dawo daga Amirka ban huta ba. A shagona a tare ni, a ƙofar coci a tare ni, har mai ƙosan unguwarmu sai da ta ce, "Baban Ladi, wai da gaske gidajensu sun taɓo sama?" Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura duk wanda na ba labarin, dogayen gidaje yake ɗauka ya bar abin da ya ƙona mini rai. Shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa takarda.

Ga waɗanda ba su san ni da can ba: kafin in zama mai gyaran rediyo a Kakuri, ni makaɗi ne. Mu biyar ne, duk ma'aikatan masaƙa, shi ya sa mutanen Kaduna suka sa mana 'Yan Masaƙa. Yakubu ke waƙa, Filibus na gita, Audu na bes, wato gitar nan mai kaurin murya, Haruna na ogan, irin fiyanon nan na coci, ni Ishaku ina kan ganguna. Kiɗan da Turawa ke kira rok muke yi, amma da Hausa, kuma nakan rataya kalangu in haɗa. Faifai ɗaya tak muka yi a duniya, a Legas, cikin kwana biyu, waƙa takwas. Sunansa Canjin Aiki.

Bayan nan rayuwa ta watsa mu. Audu ya rasu a hatsarin mota. Haruna ya koma Funtuwa sayar da taki. Idon Filibus ya yi rauni, ya koma gida Kafanchan. Yakubu kuwa ya tafi Amirka, ya tafi da babban zaren da aka naɗi kiɗanmu a kai. Shekara goma sha huɗu muna nan, sai ga wasiƙarsa: wani ƙaramin kamfani zai sake fitar da faifanmu a kan sidi, sabon faifan nan mai ƙyalli, kuma suna son in zo in buga ganga a ƙara sababbin waƙoƙi biyu. Na karanta wasiƙar sau uku a tsaye. Na je har Kafanchan na karanta wa Filibus, ya yi ta dariya kamar an ba shi sabon ido.

Biza sai Legas. Kwana biyu ina layi kafin in isa gaban Baturen da ke bayan gilashi. Ya duba takarduna, ya dube ni, ya ce bai ga alamar makaɗi a jikina ba. Ban san abin da ya shiga kaina ba, sai na ɗora yatsu a kan kanta na buga masa. Na bayana suka fashe da dariya. Ya buga hatimi.

Jirgi ba ni da abin faɗi a kansa sai sanyi, da wani abinci a cikin 'yar tasa da har yau ban tantance kaza ce ko kifi ba. Rigima sai da muka sauka. Wani kare da rigar aiki ya zo ya zauna a gaban jakata, ya ƙi tashi. Aka buɗe. Kilishin da matata ta ɗaure wa Yakubu, da daddawa, duk aka kwashe aka jefa a kwandon shara a kan idona. Sannan ma'aikacin ya ɗaga kalanguna da yatsu biyu, ya ce fatar mene ne. Na ce akuya. Ya ce akuyar lafiyarta ƙalau kafin ta mutu? Na ce ranka ya daɗe, ban san ta da rai ba, a ganga muka haɗu. Ya kira na gaba da shi, suka juya kalangun suka shinshina, suka maido mini.

A waje na wuce Yakubu ban gane shi ba. Ya yi ƙiba, ga rigar fata, ga ɗan kunne. Shi ya ƙwala mini kira da tsohon sunana na wasa, "Sarkin Hayaniya!" Muka rungume juna, na yi hawaye, ban ji kunya ba. A mota ya ce mini a nan Jek ake ce masa, kuma aikinsa tuƙa motar da ke kai tsofaffi asibiti. Ya ce gidansa na unguwar Soundview cike yake da dangin matarsa, don haka ya nema mini masauki a unguwar Morrisania, wajen wani Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi, mai sayar da huluna da agoguna a bakin titi.

Alhaji Mamman mutumin kirki ne. Su huɗu ne a ɗakuna biyu a hawa na biyar, amma ya bar mini gadonsa. Ya san ni Kirista ne, ranar Lahadi shi ya raka ni har ƙofar cocin da 'yan arewa ke taruwa, ya ce, "Dakor," wato "to" a bakin mutanen ƙasarsu, "Malam Ishaku, in kun tashi ka tsaya nan, kada ka ce za ka gwada wayo." Tuwo suke yi da wani gari na cikin kwali, fari fat, ba ya riƙe ciki, amma miyar kukar ta gida ce. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne gaisuwa. Washegari na haɗu da wata dattijuwa a matakala, na rusuna na ce mata ina kwana da Turanci, na tambayi iyali. Ta ƙanƙame jakarta ta ƙara sauri. Alhaji ya ce a garin nan wanda ya gaishe ka da yawa, wani abu yake nema. Na ce to wanda ya rasu fa, wa ke sani? Ya ce wari.

Na kuma gwada wayon da aka hana ni. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ni kaɗai, ashe akwai mai tsayawa kowace tasha, akwai mai wucewa. Ina kallon tasharmu ta wuce ta taga kamar ba ta san ni ba. Wani mutumin Gana mai shara, da ya ji ina sallallami da Hausa, shi ya juyo da ni hanya, yana ce mini "Massa", wato maigida, yana dariya.

Kwana na uku Yakubu ya kai ni ofishin kamfanin a Manhattan, can tsakiyar birni. Na zaci bene ne guda. Ɗaki biyu ne da wata mata mai fara'a, ita ce mai kamfanin, ita ce akawu. Ta riƙe hannuna ta ce faifanmu dukiya ce da duniya ta manta. Sannan ta miƙo mini bangon sidin don in gani.

A bangon tsohon faifanmu, mu biyar ne zaune a kan dilolin yadi a ƙofar masaƙa. Wannan hoton suka ɗauka suka yanke. Yakubu kaɗai ya rage. A kafaɗarsa ta dama akwai wani hannu da ba shi da jiki. Na duba da kyau, na ga agogon da na sani. Hannuna ne. A sama an rubuta Jek Yakubu da manyan baƙaƙe. Babu 'Yan Masaƙa ko'ina. Ta nuna mini takardar da za ta shiga ciki, wadda ba a kai ga bugawa ba: waƙoƙi da kiɗa, duka na Jek Yakubu.

Ta turo mini wata takarda da biro, ta ce in sa hannu na yarda a fitar. Na ajiye biron a hankali. Na ce da ita na gode, na fita.

Yakubu ya cim mini a bakin titi.

"Ishaku, tsaya mana ka ji."

"In ji me? Waƙa ta uku wa ya rubuta?"

"Audu. Na sani."

"Ka sani! Mutum ya rubuta wa uwarsa waƙa, ya mutu, kai ka sa sunanka a kai. Filibus fa? Yana can zaune a Kafanchan yana jiran in kawo masa labari. In ce masa me? An yanke ka da almakashi?"

"Kai ba ka san garin nan ba," in ji shi, muryarsa ta hau. "A nan fuska ɗaya ake sayarwa. Wa zai iya furta sunaye biyar na Hausa? Shekara goma sha huɗu ina jan zaren nan daga gida zuwa gida. Sau biyu ruwa ya ci ɗakina, shi na fara ɗaukewa kafin fasfo ɗina. Ƙofa nawa na ƙwanƙwasa aka kore ni? Kuna ina?"

"Muna inda ka bar mu. Adana zare daban, yin kiɗa daban."

Mutane na wucewa ta gefenmu, ko kallo ba mu ishe su ba. A Kaduna da tuni mutum ashirin sun taru, an raba mu, an kuma yanke hukunci. A nan sai da muka gaji don kanmu.

Na yi niyyar in koma gida a makon. Alhaji Mamman ne ya hana. Ya ce, "Malam, in ka tafi, wa zai yi wa mamacin magana?" Don haka da ranar naɗin sababbin waƙoƙi ta zo, na je, ba don na huce ba.

A nan na ga yadda suke yin faifai yanzu, na ƙara jin haushi. An ɗauko hayar makaɗa uku, Amirkawa, gwanaye na gaske, ba zan rage musu ba. Amma ba su haɗu ba. Mai bes ya zo da safe, ya duba takarda, ya buga nasa, ya tafi. Mai gita ya zo da azahar. Ni aka sa ni a wani ɗan ɗaki na gilashi kamar kifi, aka toshe mini kunne da wata na'ura mai yin ƙas, ƙas, ƙas, wai ita zan bi. Sau tara mai naɗi yana tsayar da ni, wai ina jan baya. Ni da na yi shekara bakwai ina riƙe da kiɗan mutum biyar, yau agogo ke koya mini lokaci. Da aka harhaɗa aka sa mana, ba kuskure ko ɗaya. Amma kamar hoton abinci ne: ga shi nan da kyau, ba ƙamshi. Na saci kallon Yakubu. Shi ma ya sani, ya dai ƙi kallona.

Bayan kwana biyu matar kamfanin ta ce mu je St. George, tsallaken ruwa, wajen wani tsoho Mista Liyo, wanda ke wanke tsohon zarenmu yana gyara sautinsa. Wai shi ya matsa sai an kawo masa mai gangar. Muka shiga jirgin ruwa da hantsi, ƙato kamar kasuwa, cike da ma'aikata kowa da jaridarsa. Yakubu ya zauna can, na zauna nan. Haka har muka sauka.

Mista Liyo ɗan ƙaramin tsoho ne mai rawar hannu, ya yi shekara talatin yana naɗar kiɗan rok. Faya-fayai sun cika gidansa har kan firji. Shi ne Ba'amirke na farko da ya gaishe ni yadda ake gaisuwa, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya ba ni shayi. Kafin ya taɓa namu, sai ya zaro wani tsohon faifai na mutanen ƙasarsu ya ɗora.

"Su huɗu ne," in ji shi. "Ina ɗakin lokacin da suka yi shi. Ba sa ga maciji da juna, har jifa da kujera na gani. Daga baya kowa ya yi nasa faifan shi kaɗai, kowanne da kyau, ba wanda ake tunawa. Saurari nan. Mai gangar zai iya cika wurin nan da bugu, amma ya yi shiru, don ya ji mai gita na zuwa. Ba wanda ya rubuta masa haka. Faifan da zai daɗe, za ka ji kowa na sauraron ɗan'uwansa. In ka iya nuna mutum ɗaya ka ce shi ne, to ba ƙungiya ba ce, mai gida ne da barorinsa."

Na gyara zama. Yakubu ya dubi ƙasa.

Sai ya ɗora zarenmu. Ban ji kiɗan nan da tsabta haka ba tun ranar da muka yi shi. A gabansa akwai allo mai maɓallai, kowane kayan kiɗa da nasa. Ya sa waƙa ta biyar, ya bari ta yi nisa, sai ya ja maɓallin bes ƙasa. Waƙar ta zama kamar ɗaki da aka cire wa daɓe. Ya maido shi, ya cire ogan ɗin Haruna, sai amshin ya rasa inda zai sauka. Ya cire gita. Ya cire ni. Kowane ya cire, abin sai ya rushe ta wani gefe dabam. Ina ta gyaɗa kai ina kallon Yakubu, ina jin daɗi irin na mugunta.

Sai tsohon ya ja maɓallin murya.

Ban so ya yi haka ba. Muka rage mu huɗu muna ta bugu, da ƙarfi, da gwaninta, kamar mutanen da suka yi shiri suka fito ba su san inda za su ba. Na daina gyaɗa kai.

"Abin da na kira ka in tambaya," in ji Mista Liyo, "wane ne mai bes ɗin nan? Kullum yana shigowa a makare da ɗan ƙiris, kai kuma kana jiransa. Wannan jiran shi ne faifan. Na duba takardar da aka aiko mini, ban ga sunansa ba."

Na ce sunansa Audu, ya rasu.

Ya ce to akwai abin da ya kamata mu ji. Ya mayar da zaren baya, can farkon waƙa ta uku, wurin da ba ya fita a faifai. Aka ji motsin kujera, aka ji tari, aka ji Yakubu ya fara waƙa shi kaɗai. Sai wata murya daga nesa, tana dariya: "Kai Yakubu, jira mu mana. Ina za ka kai kaɗai?"

Audu ne. Shekara tara rabon da in ji muryarsa.

Mista Liyo ba ya jin Hausa, ya tambaye mu me ya ce. Ba wanda ya fassara masa. Yakubu ya tashi ya fita baranda, ya daɗe a can. Da ya dawo idonsa ja, ya ce wa tsohon ya ara masa tarho ya kira matar kamfanin.

Kada ku zaci komai ya gyaru. Matar kamfanin ta ce bango an riga an buga, ba za a sake ba, kuma har yanzu tana ganin fuska ɗaya ta fi sayuwa. Mista Liyo ya karɓi tarhon ya ce in ba a gyara takardar ciki ba, a cire nasa sunan shi ma. A kan takardar ciki aka daidaita: cikakken hotonmu, sunan 'Yan Masaƙa, sunayenmu biyar da abin da kowa ya buga, da wanda ya rubuta kowace waƙa. Na je ofishin da kaina na tsaya a kan mai buga rubutun, harafi bayan harafi, don da farko ta mai da Filibus wani abu kamar sunan magani. Sababbin waƙoƙin biyu kuwa Yakubu da bakinsa ya ce a bar su. Sannan na sa hannu.

Ranar da zan taho, Alhaji Mamman ya ba ni 'yar na'urar sauraron sidi daga cikin hajarsa, ya ƙi jin maganar kuɗi. Yakubu ya kai ni filin jirgi. Mun yi musafaha, mun yi addu'a, ya ce in gaida gida. Bai ce in yafe masa ba, ni ma ban ce na yafe ba. Har yanzu in na tuna bangon nan sai in ji haushi ya taso mini, kuma ban ga ranar da zan daina ba.

Da sidin ya iso ta gidan waya, na aika wa Haruna nasa, na kai wa matar Audu nata, na karanta mata sunan mijinta a ƙarƙashin waƙa ta uku. Sannan na hau mota zuwa Kafanchan. Filibus ba ya ganin bango, sai ya ce in gaya masa abin da ke kai. Na yi tunanin in yi masa ƙarya. Ban yi ba. Na gaya masa duka, da zafi, har na miƙe tsaye ina nuni da hannu ga mutumin da ba ya ganina.

Sai ya miƙo hannu. Ya sa na'urar a kunne, ya saurari waƙa takwas daga farko har ƙarshe, yatsunsa na hagu suna motsi a kan gwiwarsa. Da ya gama ya cire, ya ce, "Muryar tasa fa? Tana nan?"

Na ce tana nan. Ta ma fi da.

Ya yi tsaki. "Ɗan banza," in ji shi. "Ka rubuta masa. Ka ce na ji abin da ya yi, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Kada ka sassauta." Ya shafa gwiwa. "In ka gama, ka ce ya aiko mini da tsirkiyar gita. Tawa biyu sun tsinke."